Filin Tambaya da Amsa: Makaho Ɗaya Ne a Yariko, Ko Biyu?

Wasiƙun wannan wata sun fi yawa a kan karatun Bishara, don haka su na ware. Waɗanda suka yi tambaya a kan ushiri da kuma baikon da ya daɗe ba a ɗaura aure ba, su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ɗaki ɗaya muke da wani abokina Musulmi, mutumin kirki, kwano ɗaya muke ci. Kwanan baya ya tambaye ni, in Linjila ɗaya aka ba Annabi Isa, ina muka samo huɗu? Ya kuma nuna mini a wayarsa cewa Markus ya ce makaho ɗaya Yesu ya warkar a Yariko, Matiyu ya ce biyu, sannan Markus ya ce yana fita garin ne, Luka ya ce yana shiga. Na duba na ga haka ne. Na rasa ta cewa, kuma gaskiya abin ya tsaya mini a rai. Ɗanka, daga Samaru.

Amsa: Ɗana, ka fara da gode wa abokin nan naka, don bai ƙara ko ɗigo a kan abin da ke rubuce ba. Markus 10:46 ya ce makaho ɗaya, har ya faɗi sunansa, Bartimawas, yana bara a bakin hanya sa'ad da Yesu ke fita daga Yariko. Matiyu 20:30 ya ce makafi biyu, bai kira sunan kowa ba. Luka 18:35 ya ce Yesu yana gab da shiga garin. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne sai da aka nuna maka a waya kafin ka sani. Irin karatun nan na aya ɗaya nan, aya ɗaya can, wanda ya zama ruwan dare a majami'unmu, shi ke barin matasa a haka.

Mu fara da maganar huɗu. Kai da abokinka ba abu ɗaya kuke nufi ba. A fahimtarsa, Linjila littafi ne da aka saukar wa Annabi Isa. A bangaskiyarmu kuwa, Yesu bai rubuta littafi ba, bai kuma zaunar da kowa ya yi masa shifta ba. Shi kansa ne saƙon: abin da ya faɗa, abin da ya yi, mutuwarsa da tashinsa. Littattafan nan huɗu shaida ce a kansa, kuma marubutan ba su ɓoye hakan ba. Buɗe Luka 1:1-4 ka gani. Luka ya ce mutane da yawa sun riga shi rubutawa, shi kuma ya bi diddigin labarin daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, ya tsara shi domin wani mutum mai suna Tiyofalas. Yohanna 20:30 ya ce akwai alamu da yawa da bai rubuta ba, zaɓa ya yi. An gicciye Yesu wajen shekara ta 30, zamanin Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga 26 zuwa 36. Yawancin masana suna ganin Markus ne ya fara rubutawa, wajen 65 zuwa 70, sai Matiyu da Luka, kuma dukansu biyu sun yi amfani da Markus. Yohanna ne na ƙarshe, gab da ƙarshen ƙarnin.

Kada ka ɗauka wayar hannu ce ta tono waɗannan bambance-bambance. Kiristocin farko sun san da su sarai, har wasu sun nemi kawar da su. Wani malami mai suna Markiyon, a ƙarni na 2, ya ce Luka kaɗai za a riƙe, shi ma bayan ya yanke abin da bai yi masa ba. Ikkilisiya ta ƙi. Wajen shekara ta 170 wani malami mai suna Tatiyan ya ɗinke huɗun suka zama labari guda sumul, ba karo ba cin tuntuɓe. Ikkilisiyoyin Suriya sun yi ƙarnuka suna karanta wannan ɗinkin, amma a ƙarni na 5 aka janye shi. Wani bishof mai suna Tiyodoret ya tattara kwafi fiye da 200 daga majami'un yankinsa ya sa huɗun a madadinsu. Ka lura da wannan da kyau. An samu damar gyara littattafan su yi daidai da juna, aka bar su yadda suke. Tun a ƙarni na 3 Yuliyus Afrikanus ya yi rubutu a kan dalilin da ya sa asalin Yesu a Matiyu ya bi ta Sulemanu, a Luka kuma ta Natan. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da yau muke kira Aljeriya, ya rubuta littafi sukutum a kan jituwar marubutan huɗu wajen shekara ta 400. Tambayar abokinka tsohuwa ce ƙwarai, kuma manya sun ɗauke ta da muhimmanci.

Bambance-bambancen ba iri ɗaya ba ne. Da yawa taƙaitawa ce kawai, kuma Matiyu ya fi kowa yin ta. Labarin 'yar Yayirus da macen mai zubar jini ya ci aya 23 a Markus 5, Matiyu 9 ya gama shi cikin ayoyi 9 kacal. A Markus uban ya zo yana cewa yarinyar na bakin mutuwa, sai a hanya aka kawo saƙon ta rasu. Matiyu ya tsallake 'yan saƙon, ya sa uban ya ce ta rasu tun farko. Haka labarin hafsan sojan Roma na Kafarnahum. Matiyu 8 ya ce shi ya zo wurin Yesu, Luka 7 ya ce dattawan Yahudawa ya aika. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba. In an je neman aure, kawunnai ne ke zuwa da goro, ango yana gida, amma gobe kowa cewa zai yi wane ya nemi auren wance, kuma ba wanda zai ce an yi ƙarya.

Wasu kuma tsari ne. Fafiyas, wani bishof na farkon ƙarni na 2, ya ce Markus ya rubuta abin da ya ji daga Bitrus daidai, amma ba bi da bi ba. Marubutan zamanin sukan jera labarai bisa ga abin da suke so mai karatu ya gane. Gwajin Yesu a jeji guda uku ne a Matiyu 4 da Luka 4, amma Matiyu ya ƙare da na kan dutse, Luka ya ƙare da na kan Haikali. Wanda ya karanta Luka daga farko zuwa ƙarshe ba zai yi mamaki ba: a Haikali littafin ya fara, da Zakariya yana ƙona turare, a Haikali kuma ya ƙare, almajirai suna yabon Allah. Ga kuma maganar harshe. Yesu ya yi yawancin koyarwarsa da Aramanci, an rubuta Bishara da Girkanci. Rubutun da aka manna a kan gicciye ya zo da lafazi huɗu a littattafan huɗu, amma Yohanna 19:20 ya gaya mana da harshe uku aka rubuta shi, kuma “Sarkin Yahudawa” yana cikin dukansu.

To, makafin fa? In su biyu ne, wanda ya ba da labarin ɗaya bai musa na biyun ba. Ni ina ganin Markus ya kira sunan Bartimawas ne domin masu sauraronsa sun san shi ko sun san labarinsa. Haka ya yi a 15:21, inda ya ce Saminu Bakurane, wanda aka tilasta wa ɗaukar gicciye, shi ne uban Alizanda da Rufas. Ba a ambatar 'ya'yan mutum haka siddan sai in jama'a sun san su. Maganar shiga da fita kuwa, wasu sun ce Yariko biyu ce a lokacin, tsohon gari da sabon da Hirudus ya gina fadarsa, kuma gaskiya ne akwai wuraren biyu kusa da juna. Yana yiwuwa. Amma ni ba na jingina da wannan sosai. Na fi ganin Luka ya gabatar da labarin makahon ne domin ya bar wa Zakka fili, don shi kaɗai ya kawo labarin gajeren mutumin nan da ya hau itacen ɓaure a cikin Yariko.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan tauri, kuma gara ka ji daga bakina. Markus 14:12 ya nuna jibin ƙarshe shi ne na Idin Ƙetarewa, amma Yohanna 18:28 ya nuna da safiyar gicciye shugabannin Yahudawa ba su ci jibin ba tukuna. Masana sun kawo bayani iri iri: wasu sun ce kalanda biyu ake bi a lokacin, wasu sun ce Yesu ya ci nasa jibin da wuri don ya san abin da ke tafe, wasu sun ce Yohanna yana nufin sauran ciye-ciyen makon idi. Har yau ba su haɗu a kan ɗaya ba. Dukan huɗun dai sun ce ranar Jumma'a ce, lokacin Idin Ƙetarewa, a hannun Bilatus, Yusufu na Arimatiya ne ya binne shi, kuma ranar Lahadi da sassafe mata ne suka fara tarar da kabarin a buɗe, Maryamu Magadaliya a cikinsu.

In kun sake zama da abokinka, kada ka shiga musu don ka ci nasara. Ka ce masa abin da ya gani gaskiya ne, ka bayyana masa abin da mu muke nufi da Bishara. Ba lalle ya yarda ba, kuma ba dalili ba ne na raba kwano. Kai kuma ka sami littafin rubutu, ka ja layi uku, ka kwafe labarin makahon daga Matiyu da Markus da Luka gefe da gefe da hannunka. Abin da za ka gani ya fi abin da na rubuta maka nan.

Tambaya: Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni 'yar Zumuntar Mata ce. A aji huɗu na firamare na tsaya, amma ina karanta Hausa sannu sannu. Kullum da asuba nakan buɗe Littafi, duk inda idona ya faɗa nan zan karanta. Yanzu an ce in riƙa jagorantar nazari a zumuntarmu, kuma tsoro nake ji. Ta ina zan fara? Wata 'yarka daga yankin Malumfashi.

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Karatun sannu sannu ba aibi ba ne a nan. Masu gudu su ne suke wuce abubuwa.

Amma buɗe Littafi a kan sa'a, wannan ki rage shi. Lambobin surori da ayoyin nan da kike gani ba marubutan ne suka sa ba. Surori sun shigo ne a farkon ƙarni na 13 ta hannun Istifanus Langton, wanda ya zama babban bishof na Kantabari a Ingila, ayoyin Sabon Alkawari kuma wani mai buga littattafai ɗan Faransa ne ya sa su a 1551. An yi su ne don sauƙin neman wuri. Kiristocin farko, waɗanda yawancinsu ba su iya karatu ba, zama suke yi mutum ɗaya ya karanta musu labarin da tsawo suna ji.

Ki fara da Markus. Surori 16 ne kawai, in an karanta ta da murya ba ta wuce awa biyu da wani abu ba, kuma labari ne mai tafiya, ba dogayen jawabai. Markus yana da ido. Shi kaɗai ya ce a kan matashi Yesu yake barci a ƙarshen jirgi sa'ad da hadari ya taso. Shi ya ce ciyawar da mutum dubu biyar suka zauna a kai ɗanya ce. Shi ya riƙe mana kalmomin da Yesu ya faɗa wa yarinyar nan 'yar shekara 12 da harshensu na gida, “Talita kumi”, kuma da ta tashi, kowa ya ruɗe, Yesu ya ce a ba ta abinci. Ki karanta wannan a gaban iyaye mata ki ga ko ba za su kaɗa kai ba.

Bari in nuna miki abin da mai tsintar aya ba zai taɓa gani ba. Ki sa yatsa a Markus 8:22, ki sa wani a 10:52. Tsakanin yatsunki akwai tafiyar Yesu zuwa Urushalima, kuma da makaho ta fara, da makaho ta ƙare.

Na farkon a Betsaida ne. Yesu ya kama hannunsa ya fitar da shi bayan gari, ya tofa masa yau a ido, ya tambaye shi ko yana gani. Mutumin ya ce yana ganin mutane, amma kamar itatuwa suna tafiya. Sai da Yesu ya sake ɗora masa hannu ya gani tangaran. Babu wata warkarwa a Bishara da ta zo hawa biyu haka. Me ya biyo baya? Yesu ya tambayi almajiransa wa suke cewa shi ne, Bitrus ya ce shi ne Almasihu. Ya gani ke nan. Amma da Yesu ya ce za a kashe shi, Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa. Ashe ganin nasa dishi-dishi ne.

Sau uku Yesu ya faɗi mutuwarsa a wannan tafiya, sau uku almajiran suka ba da kunya. Bayan na biyun, da suka isa gida a Kafarnahum, ya tambaye su gardamar me suke yi a hanya. Suka yi tsit, don a kan wane ne babba suke musu. Bayan na ukun, wanda ya fi sauran bayani, da tofa yau da bulala da kisa duka a ciki, Yakubu da Yohanna suka matso suka ce suna da roƙo. Ya ce, me kuke so in yi muku? Suka ce kujeru, ɗaya dama ɗaya hagu. Sauran goman suka yi fushi, kuma ina zargin fushin nasu na an riga su ne. Ki sauka ƙasa kaɗan zuwa 10:51. Yesu ya yi wa Bartimawas tambayar nan dai, me kake so in yi maka? Makahon ya ce yana so ya gani. Ya riga ya yar da mayafinsa, watakila shi ne abin da yake shimfiɗawa ana jefa masa sadaka. Da ya gani, sai ya bi Yesu a kan hanya, hanyar da ta nufi gicciye. Markus bai tsaya ya yi wa'azi a kai ba. Ya jera su ne kawai, ya bar mu mu ga wane ne almajiri a cikinsu.

Yadda za ki yi a zumunta kuwa, ba wuya. Ki ɗauki labari guda cikakke, ba aya guda ba. A karanta da murya sau biyu, a rufe Littafi, wata ta maimaita da bakinta, sauran su tuna mata abin da ta tsallake. Nan ne za ki ji tsofaffin da ba su taɓa shiga aji ba suna kama abin da masu takarda suka wuce. Daga nan ki tambaya, me Yesu ya yi a nan, me mutanen suka yi, mu kuma me za mu yi kafin mu sake haɗuwa. Ta ƙarshen ita ce ake yawan gudu, kada ki bari a tashi ba a taɓa ta ba. In an yi tambayar da ba ki da amsarta, ki ce za ki tambayi fasto, ki kuwa tambaye shi.

Maganar tsoro kuma, ki duba Markus 14:50 da 15:40-41. Da aka kama Yesu mazan duka gudu suka yi. Waɗanda suka tsaya suna kallo daga nesa mata ne da suka bi shi tun daga Galili suna yi masa hidima. Luka 8:2-3 ya ƙara da cewa da dukiyarsu suke ɗaukar nauyin tafiyar, ya kira sunan Yuwana matar wakilin Hirudus, da Suzana.

Tambaya: Baba, ina jin kira in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki. Babanmu ya rasu, ni ne babba, Inna da ƙannena huɗu gonar da nake nomawa suke ci. Inna ta ce in dakata ƙanena ya ɗan tasa. Wani mai wa'azi ya karanta mini Luka 14:26, ya ce wanda bai ƙi uwarsa da ubansa ba ba zai zama almajiri ba, in tafi kawai Allah zai ciyar da su. Me zan yi? Ɗanka, daga jihar Gombe.

Amsa: Ɗana, Allah ya ba ku haƙurin rashin Baba. Ayar tana nan, kuma ba zan rage mata kaifi ba. Akwai 'yan'uwa a ƙasar nan da bin Yesu ya raba su da gidan ubansu da gadonsu, wasu da matansu. Su wannan aya ta yi musu magana kai tsaye, kuma sun biya. Amma su korarsu aka yi. Innarka ba ta ce ka bar Yesu ba, cewa ta yi ka jira ƙanenka ya iya riƙe garma.

Mai wa'azin nan aya ɗaya ya karanta maka. Ga sauran. Matiyu 10:37 ya kawo maganar nan da bayani: wanda ya fi ƙaunar uwa ko uba a kan Yesu, shi ne bai cancanta ba. Maganar wa ke gaba ce, ba ta gaba da iyaye ba. A Markus 7:9-13 Yesu ya yi wa Farisiyawa kaca-kaca a kan wata dabara tasu: mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya keɓe wa Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga kula da su. Yesu ya ce wannan soke maganar Allah ne. Ka auna shawarar da aka ba ka da wannan wuri ka ga ko ba 'yan gida ɗaya ba ne. Bitrus ya bar taru ya bi Yesu, amma a sura ta farko ta Markus ɗin nan muna ganinsu a gidansa, surukarsa na kwance da zazzaɓi, Yesu ya warkar da ita. Mutumin da aka fitar wa aljannu a ƙasar Garasinawa roƙo ya yi a tafi da shi, Yesu ya hana, ya ce ya koma gida wurin danginsa ya ba da labari. Shi kansa Ubangiji, yana kan gicciye, sai da ya danƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, almajirin kuma ya kai ta gidansa. Bulus kuwa a 1 Timoti 5:8 bai yi sassauci ba ga wanda ya ƙi kula da iyalinsa.

Ko a Luka 14 ɗin, da mai wa'azin ya ƙara aya biyu gaba, da ya tarar da mai ginin da Yesu ya ce ya fara zama ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. To, zauna ka yi lissafin. Shekara nawa ƙanenka zai yi kafin ya iya? Wa zai yi huɗa, wa zai biya kuɗin taki? Ka je wurin dattawan ikkilisiyarku da wannan lissafi a rubuce. In sun shaida kiran naka, su ma suna da rabo a nauyin, ko da gayya ce za a riƙa yi wa Inna a gona. Makarantu da yawa kuma suna da karatun da ake yi daga gida ko lokacin rani, ka bincika. Shi kuma mai wa'azin, ka tambaye shi cikin ladabi buhu nawa na masara zai riƙa kai wa Inna a shekara.

Kafin nan ba a zaune kake ba. Ƙannen nan huɗu su ne ajinka na farko.

Tambaya: Malam, a Littafina akwai ɗan rubutu a ƙasan Markus 16 cewa aya 9 zuwa 20 ba sa cikin wasu tsofaffin littattafai. Gaskiya ne? Kuma aya 18 ta ce masu bi za su ɗauki macizai, ko za mu iya? Wani ɗan'uwa daga Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Manyan kwafi biyu na ƙarni na 4, wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan, dukansu a aya 8 suka tsaya, inda matan suka gudu daga kabari suna rawar jiki. Ayoyi 9 zuwa 20 su ma tsofaffi ne, don wani bishof mai suna Irenayus ya ambaci aya 19 wajen shekara ta 180, kuma suna cikin mafi yawan kwafin da suka zo daga baya. Amma salonsu ya bambanta da na Markus, shi ya sa yawancin masana ke ganin wani ne ya ƙara su da wuri don ya rufe labarin. Kusan duk abin da ke cikinsu yana Luka 24, Yohanna 20, Matiyu 28 da Ayyukan Manzanni. Masu fassarar da suka sa maka wannan bayani a ƙasa sun kyauta.

Macizai kuwa, a'a. Bulus ya tsira daga saran maciji a tsibirin Malita, amma itacen wuta yake tarawa, bai je neman macijin ba. Da Iblis ya karanto wa Yesu aya ya ce ya yi tsalle daga kan Haikali, amsar da ya samu ita ce kada a gwada Ubangiji. Kububuwa tana kashe manoma a ƙasashenmu kowace damina, har a Kaltungo akwai asibiti musamman domin saran maciji. In ta sari wani, a yi addu'a a kan hanya, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure da igiya, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar dafi.